Jingar Garin Ari

Kogin Haɗeja ya cika har yana lasar bakin jinga a gaɓa biyu. Kowa a fadamar ya san yadda abin yake. Gefen da jingarsa ta fara fashewa, shi ke ceton ɗaya gefen.

Garin Hakimi yana gaɓar arewa. A kudu kuma Garin Ari yake, inda Ɗan'iya Fatihu, ɗan ƙanen Hakimi, yake dagaci. Mahaifiyarsa 'yar garin ce, shi ya sa aka naɗa shi aka tura shi can.

Da hantsi dogari ya tsallako da saƙo. Hakimi ya ce kada mutanen kudu su ƙara ko buhun ƙasa ɗaya a jingarsu. Arewa akwai asibiti da kasuwa, kudu kuwa shinkafa ce kawai.

"Shinkafa ce kawai," in ji Gambo, yayan mahaifiyar Fatihu, bayan dogari ya juya. "Ranka ya daɗe, a gidan baffanka allura ake tuƙawa a ci?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Ku ɗora buhunanku, Kawu," in ji Fatihu. "Ni zan amsa a fada."

Gambo ya ce, "Buhu ba zai isa ba. Tasu ta fi tamu tsayi. Samari za su haye da fartanya su buɗe mata baki."

"Akwai masu jego a asibitin nan."

"A nan duwatsu matanmu suke haifa?"

Da mutane suka watse wajen cika buhuna, sai Fatihu ya gangara mashigi shi kaɗai, ya kwance kwale-kwalen garin ɗaya bayan ɗaya, ya tura su. Ruwa ya tafi da su.

Da la'asar jingar kudu ta ɓalle, daidai inda Gambo yake danna buhu da ƙafa. An ga kansa yana nitso yana tasowa a tsakiyar gonakin shinkafa. Samari suka ruga mashigi. Igiyoyi kawai suka tarar. Kafin magariba kowa ya san wanda ya kwance su.

Washegari aka tsamo gawar Gambo a cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Garin duk ya koma kan tudu, shagon mai yadi yana ƙarƙashin ruwa, babu likkafani. Fatihu ya warware rawaninsa ya miƙa wa liman. Liman ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Karɓi, Malam," in ji Bilkisu, matar Gambo, daga cikin mata. "Yadin bai yi mana komai ba."

Da aka tayar da sallar gawa, sahu ya matse. A baya Fatihu ya tsaya, shi kaɗai.

Ana gama rufe kabari dogarin ya sake tsallakowa. Labarin buhunan ya isa fada. Hakimi ya ce a karɓo rawani.

Fatihu ya nuna masa ɗanyar ƙasar. "Ka gaya wa Baffa ya aiko a tono."

Dogarin ya dubi kabarin, ya dubi kan Fatihu, ya koma cikin jirginsa.

"Akwai wuri a jirgin?" in ji Fatihu.

"Ba a ce in taho da kai ba, Ɗan'iya."

Jirgin ya nufi arewa, inda ƙasa take a bushe. A kan tudu mata sun fara hura wuta. Fatihu ya zauna a bakin ruwa, ba wanda ya kira shi.