Yana da Yana

Hasken la'asar ya ratso labulen shagon ya kwanta a kan tebur kamar zuma, nan Auta ta ajiye sabon idon kyamara a gaban mahaifinta. Ido suke kiran gilashin nan a shagon, tun zamanin da mahaifin nata, Mai Hoto, yake wanke fim da hannunsa. Yanzu Auta ce ke ɗaukar hotuna, amma har yau ba a ɗaura wa kyamara ido sai tsohon ya yanke masa hukunci. Abin da ya rage masa a sana'ar ke nan, kuma bai taɓa faɗa an tayar ba.

"Baba, mai kayan ya ce in bai yi ba, in mayar kafin ya rufe."

"Ya jira. Ba shi ya haife ni ba."

Ya ɗauka ya jinjina. Ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce, ƙarfe ne, ba robar zamani ba. Ya kai kunne ya girgiza, shiru. Ya murɗa zoben saiti, zoben ya bi yatsunsa sumul, babu tsalle babu gardama. Sannan ya buɗe bakin idon har ƙarshe, ya wangame kamar na mage a duhu.

"Wannan mayen haske ne," in ji shi. "Ko a ɗaki marar taga sai ya sha ya ƙoshi."

Ya ɗaura shi a kyamara, ya juya wajen matarsa, wadda ke bakin taga tana kama bakin wata riga da allura.

"Tsohuwa, ɗago."

"Tsohuwa tana gidanku."

Ya runtse idon hagu, ya manna na dama, yadda ya saba tun yana saurayi. Sai duniya ta narke. Taga ta zama tafkin madara, labule ya zama hayaƙi, matarsa tana iyo a tsakiya, fuskarta luwai-luwai, kamar ranar da ta fara shigowa ɗaukar hoto tana yarinya ta ƙi yin murmushi. Ya murɗa zoben gaba, ya murɗa baya. Hazon bai washe ba.

Ya sauke kyamarar, ya ɗaure fuska.

"A mayar. Idon nan yana da yana."

Auta ta kalli kyamarar. Da kanta ta haska gilashin da tocila, garau yake kamar ruwan rijiya. Kuma ta sha ganin mahaifinta yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Amma wa zai fara faɗa masa? Ta dubi mahaifiyarta.

Tsohuwar ta ciji zare ta tsinke.

"Wane idon, Malam?"

"Ji tambaya! Ido nawa ne a nan?"

"Ai ka faɗa da bakinka. Naka ne."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara murfin da ba ya bukatar gyara.

"Na hagun nan da kake ta rufewa tun auren fari," matar ta ci gaba a hankali, "ai hutu ya sha. Tashe shi ya yi aiki mana."

Ya yi tsaki. Amma ya ɗaga kyamarar, ya kai ta hagu, hancinsa yana karo da ita kamar ɗan koyo.

Ga ta nan tar. Gashin idonta ɗai-ɗai. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, tamoji sun yi hanyoyi daga hanci zuwa haɓa, ga guntun zare manne a leɓenta. A bayanta kuwa titi ya narke ya zama ɗigo-ɗigon haske masu zagaye, yadda ido na ƙwarai yake yi. Ya daɗe bai motsa ba.

"Yaushe kika tsufa haka?"

"Kana can kana duban fuskokin mutane."

Ya yi gyaran murya, bai dubi Auta ba.

"Ki riƙe shi. Lafiyarsa ƙalau."

Ta miƙo hannu za ta karɓi kyamarar, ya ƙi saki. Ya mayar da ita dama, ya runtse na hagu.

"Kada ki motsa," ya ce da matarsa. "Bari in ƙara ganinki kafin likita ya wanke min shi."