Soda Ta Yi Yawa

Shekara ashirin da shida ina kula da tankin nan, sai ga Autata ran Talata da hular kwano a ka, tana leƙa cikinsa kamar mai duba tukunya.

Moton da ke juya injin niƙan simintinmu ya fi ɗakin kwanana girma. In ka sakar masa wuta gaba ɗaya, fizga zai yi ya ƙone. Shi ya sa wutar take bi ta cikin ruwan soda a tanki, farantan ƙarfe na nitsewa a hankali, shi kuma yana ɗaukar gudu sannu-sannu.

To, kwana uku ke nan moton ya ƙi. Da an kunna sai ya zabura, wuta ta yanke. Manaja ya ce wa Auta, wadda watanta biyu kacal da zama injiniyar sashenmu, in bai tashi yau ba zai ba wani kujerarta. A gabana ya faɗa, wallahi, ko kunyar furfurata bai ji ba.

Ta ɗebi ruwan a gilashin awo, ta ɗaga shi sama, ta daɗe tana kallo.

"Baba, in ruwan ya ragu me kuke ƙarawa?"

"Ruwa da soda mana. Haka na tarar, haka nake yi."

Ta rage murya. "Ruwan ne kaɗai yake tashi da zafi, Baba. Sodar tana nan. Ta taru ta yi kauri, wuta na wucewa babu mai tare ta."

Kai! Yarinyar da na koya wa riƙe sukundireba! Na buɗe baki zan yi gardama, na rufe, don gaskiyarta ce.

"Ka buɗe famfon ƙasa, a zubar da rabi," in ji ta. Na buɗe. Muka cika da ruwa zalla, ta sake awo sau biyu, ta ce a kunna.

Moton ya yi gurnani, bai zabura ba. Farantan suna sauka, ƙarar tana hawa, har daɓen ya soma rawa a ƙarƙashin takalmana. Daƙiƙa arba'in ya kai cikakken gudunsa. Ma'aikata suka ɗau ihu. Ni kuwa daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa, na ce ƙurar siminti ce.

Manaja ya matso. "Injiniya, laifin wa ne? Ina son suna."

Auta ta sunkuyar da kai tana juya gilashin a hannu. Na san halinta, gara ta ɗauka a kanta da ta ambace ni.

Na cire hulata na matsa gaba.

"Ranka ya daɗe, ni na ɓata ruwan. Rubuta sunana. Amma ka rubuta a ƙasansa, wadda ta gyara, ni na haife ta."