Motar Senyo a Cikin Kwalbati

Tun da Senyo Agbeko ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, hannuwansa suka rasa abin yi. Mutumin da ya tsufa a saman injin ɗaga kwantena, yana juya kaya masu nauyin gida da 'yan yatsunsa, yau ga shi a tsakar gida daga shi sai kujera. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya kwance fankar ɗaki ya mayar, sukurori suka yi saura a hannunsa. Ranar da matarsa Akofa ta tarar da shi ya buɗe bayan firiji yana leƙe, ta ce ya zaɓa, ko ya nemi abin yi a waje, ko ita ta tattara ta koma Keta wurin danginta.

Abin da ya samo shi ne motar. Ƙaramar mota ce mai rimot, irin mai manyan tayoyi da baya a buɗe, tsawonta bai fi kamu guda da 'yan kai ba. Kwance ya saye ta a hannun wani ma'aikacin jirgi. Duk yammacin Asabar magidanta da gemunsu sukan taru a filin jar ƙasa da ke bayan rumbunan kaya, kowa da tasa motar, a yi ta tsere ana gardama har rana ta faɗi. Senyo ne ya fi kowa shekaru a cikinsu, shi ne kuma ba a taɓa ganin ya zauna ba.

Ana nan sai motar ta ɗauko wata ɗabi'a. Za ta tashi lafiya lau, ta zaga fili, amma da ya matsa mata a kan tudu sai ta mutu. 'Yar jar fitilar da ke jikin kwantirola, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, ta shiga ƙyaftawa. Kafin ya ƙarasa inda take ta farfaɗo, kamar ba ita ba.

Da farko batir ya zarga. Ya yi masa caji, ya sa mita ya auna ɗakunan wuta uku da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, duk a cike. Ya ari batirin wani abokin wasa ya gwada, ba ta sake zani ba. Ya ce to zafi ne ke damun kwantirola, ya liƙa mata 'yar fanka. A banza. Mutanen fili kowa da nasa maganin. Wani ya ce inji ne, wani ya ce ya jefar da kwantirolar ya sayi sabuwa, wani marar kunya ya ce motar ma ritaya take so kamar mai ita. Senyo ya koma cin abinci a tsaye, motar a kife a kan tebur, tayoyi a sama.

A haka ƙanwarsa Enyonam ta same shi wata safiyar Asabar. Kifi take banda a bakin hanyar Newtown, tana kuma sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake dafawa a ganye, da yaji ga masu wucewa.

"Efo, wurinka na zo," ta ce, don haka suke kiran babban wa a yarensu, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Motar nan taka da ka bar cin abinci saboda ita, yau za ta yi wa mutane amfani."

Ta yi masa bayani. Tankin ruwansu yana gida, rumfar kifin tana tsallaken titi, ita kuma wuyanta ya gaji da ɗaukar daro. Mijinta Lantei mai aikin famfo ne, ya sayo tiyo, amma titin sabuwar kwalta ce, babu mai barin a fasa. Akwai tsohon kwalbati a ƙarƙashi, sai dai mutum ba zai shiga ba, gora kuma da suka zura ta maƙale a hanya. Abin da suke so, motar ta shiga da zaren kamun kifi ta fita ta wancan bakin. In zare ya tsallaka, sai a ja igiya da shi, a ja tiyo da igiya.

"Ba ta da lafiya," Senyo ya ce. "Mutuwa take a hanya."

"Kwalbatin nawa yake? Faɗin titi ne fa kawai."

Akofa tana daga kicin ta ce, "Don Allah tafi da shi, Enyonam. Ko ba ta yi aikin ba, ki riƙe min shi zuwa yamma."

Kafin su gama dariya har ya zuba mita da dalma da sauran tarkace a jaka.

Sun tarar da Lantei a cikin kwata ta ɓangaren gida, wando a naɗe, yana kwashe shara daga bakin kwalbatin. Ƙaton mutum ne mai sanyin jiki, komai nasa a hankali yake yi, har magana.

"Efo, barka da zuwa. Wannan ce babbar motar? Ni da na ji ana ta labarinta na ɗauka sai an tsayar da motocin trotro na haya kafin ta wuce."

"Ɗaura zaren kawai. Hadari nake gani ta wajen teku."

Gaskiya ne, gefen sama ya fara yin duhu. In ruwa ya sauko, kwalbatin cika zai yi, aikin kuma ya tashi ke nan. Senyo ya ɗaure tocila a saman motar, Lantei ya ƙulla zaren a bayanta. Senyo ya durƙusa a cikin kwata, kansa dab da bakin ramin, ya danna rimot.

Ta shiga da kyau. Hasken tocila yana tafiya yana ƙanƙancewa, ƙarar tayoyi a kan yashi tana dawowa da amsa-kuwwa, zare yana warwara daga hannun Lantei. Can ciki ta tarar da taɓo. Senyo ya ƙara matsawa, injin ya yi kuka, ta kutsa kaɗan. Sai shiru.

Daga inda yake yana hango jar fitilar tana ƙyafta masa a cikin duhu.

"Ta isa?" Enyonam ta tambaya daga tsallake.

"Ta isa inda za ta," Lantei ya amsa. Ya ja zaren a hankali don ya dawo da ita. Ta biyo kaɗan, sannan ta cije. Tayar baya ta faɗa mahaɗar da ke tsakanin bututu biyu.

"Kada ka ja, zai tsinke," Senyo ya ce.

Ya miƙe, ya tsallaka titi ya leƙa ta wancan bakin, ya dawo, ya sake tsallakawa. Wani mai tasi ya danna masa hon ya leƙo yana tambaya ko ya gaji da duniya ne. Bai ko waiwaya ba. Ya sake durƙusawa ya danna rimot. Motar ta yi ɗan motsi ta mutu. Ya sake dannawa, ko motsin ma babu.

"Efo, ka bar ta ta huta mana," in ji Lantei. "Kai ka ce da kanta take farfaɗowa."

"Ruwa fa."

"Ruwan ba zai fasa zuwa don kana zarya ba. Zo ka ci dokunu."

Enyonam ta tsallako ta miƙo masa dokunu a ganye da guntun kifi. Ya karɓa, ya gutsura sau ɗaya, ya ajiye a kan bulo ya manta da shi. Masu sayen kifi sun fara taruwa a bakin kwata, kowa na ba da shawara. Wata tsohuwa ta ce a tura kyanwa.

Da fitilar ta daina ƙyaftawa, Senyo ya dafe ƙirjinsa ya hana kansa gaggawa. Ya taɓa rimot kaɗan, ya tura ta gaba ɗan taƙi don tayar ta fita daga ramin, ya karkata sitiyari, sannan ya sa ta baya. Lantei yana tattara zare. Ta zo, ta mutu. Suka jira. Ta zo, ta sake mutuwa. Haka suka yi ta lallaɓa ta har ta fito baki, ta yi dumu-dumu da taɓo.

Nan take ya cire murfin, bai tsaya komai ba. Ya ɗora yatsa a kan inji, ɗumi ne kawai. Ya taɓa kwantirola, ita ma haka. Ya kai hannu ƙarƙashin maɗaurin batir zai zare filogi, sai ya fizge hannun ya cusa yatsa a baki.

"Wuta ce ta ja ka?" Enyonam ta ce.

Ya girgiza kai. Ya sa gefen rigarsa ya kama filogin ya zare, ya ɗaga shi a haske. Robar ta narke ta gefe guda, tana warin ƙauri. Ƙarafan da ke ciki, na ɓangaren kwantirola, sun yi kore shar da tsatsa, irin wadda iskar gishirin Tema ke yi wa duk abin da aka bari. Dalmar da ta riƙe wayar ta tsage, 'yan silla kaɗan ne suka rage a manne.

Ya daɗe yana kallon abin. A fili, kafin ya taka ya isa wurin motar ya kwance murfi, filogin ya huce, kuma bai taɓa kai hannu can ƙarƙashi ba. Yau ne taɓo da nauyin zare suka sa ya yi zafin da ba zai ɓuya ba.

"Batirin lafiyarsa ƙalau," ya ce wa Lantei. "Wutar ce ba ta samun hanya. In na matsa, sai ta taru a nan ta zama zafi. Kwantirola ta ga abin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka batir ya ƙare, ta yanke don kada ya lalace. Aikinta take yi. Ni kuma ina ta zaginta."

"Wato bututu ne ya toshe, ba tanki ne ya ƙafe ba," in ji Lantei.

"To ka ji. Ashe kana da amfani."

Akwai filogi irinsa a jikin wayar caji, Senyo ya yanke shi. Ya zazzage jaka a ƙasa, ya tarar ya ɗauko dalma amma ya baro ƙarfen liƙi a kan tebur. Ya dubi sama. Iska ta fara kaɗa ledoji a kan titi, zuwa gida da dawowa ba zai yiwu ba.

Lantei ya ɗago fitilar gas ɗinsa ta aikin famfo. "Wannan fa?"

"So kake ka gasa min ita kamar kifin matarka?"

Ya tona akwatin Lantei ya samo guntun jan ƙarfe mai kauri, ya goge bakinsa, ya ɗauki motar ya tsallaka rumfa, ya kama ƙarfen da filaya ya tura cikin garwashin murhun banda. Enyonam ta matsar da kifinta tana mita. Ya ajiye batirin nesa da wuta, ya yanke tsohon filogi, ya fere bakin wayoyin. Liƙin farko cikin gaggawa ya yi shi, ƙarfen bai gama zafi ba. Dalmar ta dunƙule ta yi dishi-dishi, da ya ja wayar sai ta fita.

"Efo," Enyonam ta ce a hankali, "ko a sama kana ɗaga kwantena haka hannunka ke yi?"

Senyo ya kankare dalmar da ta dunƙule. Ya mayar da ƙarfen cikin wuta, ya ɗora tafukansa a kan gwiwa, ya jira har sai da ya yi zafi sosai. Wannan karon dalmar ta narke ta bi sillan waya kamar mai, ta daskare tana ƙyalli. Ya yi wa ɗayar haka, ya duba ja na wurin ja baƙi na wurin baƙi, ya naɗe da tef. Ya ja da ƙarfi, ba ta motsa ba.

Ɗigon farko ya sauka a wuyansa lokacin da ya koma ɓangaren gida ya sake durƙusawa a kwata. Motar ta shiga. Ta isa taɓon, ya matsa, ta yi kuka ta ratsa. Ta hau mahaɗar bututun, tocila ta yi tsalle, ta wuce. Fitilar ba ta ƙyafta ba.

Sai aka ji ihu daga tsallake. Wani ƙaton guza ne ya fito daga kwalbatin a guje, haske da ƙara sun koro shi, ya bi ta tsakanin ƙafafun masu sayen kifi ya faɗa ciyawa. Tsohuwar nan mai shawarar kyanwa ta haye benci da kwandonta. A bayansa motar ta fito tana jan zare, ta hau gangaren kwata ta tsaya a gaban murhu.

Sauran aikin a cikin ruwa aka yi shi. Senyo ya cusa motar da batir a buhun leda ya miƙa wa Enyonam, shi da Lantei suka ɗaura igiya a zare, suka ja, suka ɗaura tiyo a igiya, suka sake ja. Ruwan kwata ya kai musu idon sawu kafin bakin tiyo ya leƙo. Lantei ya tsallaka gida ya buɗe tanki. Enyonam ta riƙe tiyon a kan daro tana dariya, ruwa na zuba daga hannunta, wani na zuba daga sama.

Suka fake a rumfa. Ta zuba musu sabon dokunu da kifi mafi girma a kan raga, wannan karon Senyo ya cinye, ko da yake a tsaye. Tseren yamma dai babu shi, fili ya zama taɓo.

"Ka san akwai kwalbati irin wannan da yawa a garin nan," Lantei ya ce yana tsotsar ƙashi. "Masu ruwa, masu wayar wuta, kowa na fama. Ni in samo aiki, kai ka zo da mota."

Senyo bai ji shi ba. Ya fito da motar daga buhu yana goge taɓo da tsumma, ya juya tayar baya da yatsa, ya kara kunne. Akwai wata 'yar ƙara a ciki, ƙas-ƙas, kamar yashi ya shiga. Ya sake juyawa.

"Lantei, miƙo min ƙaramin sukuddireban nan," ya ce.