Kunun Maharazu

"Tofar da goron nan, Malam! Ina ganinka!"

Muryar Ƙande ce ta tsallako darnin da ya raba gidanmu da nasu. Na leƙa, sai ga mijinta Maharazu zaune gindin rumbu, ya dafe ƙirji yana gyatsa, bakinsa ja wur.

"Ɓari ɗaya ne fa," in ji shi.

"Ɓari ɗayan ne zai hana ka sakat har magariba."

Ƙwannafi ya daɗe yana cinsa. Da kakar gyaɗa, lokacin da mutanen garinmu Waca suka kai buhuna Magariya wurin awon Nasara, Ƙande ta matsa masa ya je asibiti ya ga lokotoro. Ya dawo da doka: ban da yaji, ban da mai, ban da tsamiya da goro, kuma kada ya kwanta da cikakken ciki. Shi ya manta tun a hanya. Ita ce ta riƙe.

Daga ranar tukunya biyu take ɗorawa. Tasa miyar kuka ce salam, ko barkono ɗaya babu, sai kunun gero mara tsami. Ƙuli-ƙuli kuwa a ɗakina take ɓoye shi. Duk da haka mutumin sai ramewa yake, har tuwo ya fara tsaya masa a wuya.

Wata ranar kasuwa na ji yana roƙonta.

"Ƙande, ɗan dambun nama da yaji. Ko lasa ce."

"In ka warke."

"In ban warke ba fa?"

Ta tura masa ƙwaryar kunu.

Washegari bayan azahar ya jingina da rumbu, ya ce zai huta. Da ta zo tashinsa la'asar, ya riga ya cika.

Ƙande ta shiga takaba, ta daina cin abinci. In na kai mata tuwo sai ta ture.

"Abu ɗaya ya roƙe ni, Hinda," ta ce mini. "Na hana shi. Ashe tafiya zai yi. Da bakinsa salam na sallame shi."

Ina zaune wurinta bayan sadakar bakwai Illo ya yi sallama, ƙanen mamacin. Ya tsuguna bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai.

"Ƙande, ki yafe mini. Ni na kashe Yaya."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ran kasuwar nan ya lallaɓo ya same ni wajen mahauta. Ya ce ko tsinke ɗaya. Na saya masa tsire. Na san an hana shi, amma ya dube ni, na kasa."

Na zaci za ta yi kururuwa. Sai ta dube shi.

"Da yaji?"

"Da yaji. Har ƙari ya sa aka yi masa."

"Ya haɗiyu?"

"Da ƙyar. Tsoka biyu ya ci. Sauran tsotsa ya yi, yana lumshe ido."

Ƙande ta rufe fuska da mayafi, tana kuka. Illo ma hawaye yake sharewa da bakin riga. Babu wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri.

Can ta miƙe, ta ɗauko tabarma daga ɗaki, ta shimfiɗa masa a inuwa. Suka zauna, kowa na kallon ƙasa, kaji na tono a tsakaninsu.