Tambarin da Ke Cinyar Shanun Lorna

A wani ɗan gidan abinci da ke gefen kasuwar shanu, a gabashin jihar Montana ta Amurka, Orval da Verna suka ƙulla maganar. Orval ya shekara arba'in yana jigilar shanu a tirela. Verna ma'aikaciya ce a ƙungiyar da ta haɗa kan gidajen fakewar matan da mazajensu ke duka a jihar. Gidan da ke wannan gundumar, gado uku kacal gare shi, kuma kowa a gari ya san ƙofarsa, shi ya sa in abu ya fi ƙarfinsu sai su kira ƙungiya.

"Ɗaki na samo wa Lorna, tafiyar awa shida daga nan," in ji Verna. "Lauya na samo. Shanu goma sha ɗaya ne ban san inda zan kai ba. Na ubanta ne, ta ce ba ta tafiya ta bar su."

"Kun iya ɓoye mace, saniya ta gagare ku?"

"Tsoho, ka sha kofinka ka ba ni amsa."

"Zan kwashe su in riƙe a filina. Maraƙi ɗaya nawa ne. Kuma kada in ga sunana a takardunku, ni da mijinta Curtis coci ɗaya muke zuwa."

"Har cocin ma zuwa kake yi?"

"In an yi mutuwa."

Suka tafa. Aka tsayar da Alhamis, ranar da Curtis, mijin Lorna, ke yini a kasuwa.

Ranar da hantsi Orval ya ja tirela har bakin garke, motar Verna na biye. Lorna ta riga ta fito da jaka ɗaya. Orval ya san ta tun tana bin ubanta kiwo a kan doki, amma da ƙyar ya gane ta. Tana tafiya a karkace, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari, kuma ko kare ya yi motsi sai ta waiga wajen titi.

Shanun kuwa sun sha kulawa, duk suna da ciki, gashin sanyi ya cika musu jiki. Orval ya shiga garken kamar yadda ya saba, ya shafa gashin cinyar ta farko don ya ga tambarin da ake ƙonawa a fata. Ya tsaya. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku.

"Lorna, ina tambarin ubanki?"

"Shekarar da muka yi aure Curtis ya ce gida ɗaya ƙarfe ɗaya. Duk maraƙin da aka haifa, nasa ake ƙona masa. Amma jikokin shanun Baba ne, kowa ya sani."

"Kowa ya sani, ban da takarda."

Verna ta matso. "Wace takarda kuma?"

"Ke 'yar birni, saniya ba ta ƙetare gunduma sai jami'i ya duba tambarinta ya ba da takarda. Mai tambari shi ne mai saniya. In na ɗora su a motar nan, ɓarawon shanu sunana, ita kuma abokiyar sata."

Verna ta koma gefe ta buga wa lauya waya. Ta daɗe tana kai da kawo a cikin taɓo kafin ta dawo. Ta ce akwai hanya: a shigar da ƙara, alƙali ya hana sayar da su har a raba dukiya. Sai dai ba aikin yini ɗaya ba ne. Lorna ta tafi yau, shanu su biyo daga baya.

Lorna ta girgiza kai. "Ya faɗa mini tun bara. Ranar da na tafi, kashegari zai kai su mayanka da cikinsu. Curtis ba ya faɗin abin da ba zai yi ba."

"Ke fa?" in ji Verna. "Ke ma ai ya faɗa miki abin da zai yi miki."

"Ni na saba."

Orval ya so ya ce mata saniya dai saniya ce, ana sayen wata. Ya dubi yadda babbar cikinsu ta ɗora kai a kafaɗarta, ya haɗiye maganar. Shekara goma sha huɗu matar nan ba ta da waya, ba ta da makullin mota, ƙawayenta duk an kore su. Garken nan kaɗai take shiga ba a tambaye ta me ta je yi ba.

"Zan riƙe miki ɗakin har Litinin," in ji Verna. "Bayan nan ba zan iya ba. Mata goma sha tara ke jira."

Lorna ta buɗe bayan motar Verna ta ɗauke jakarta. "Baba Orval, ka fita ta ƙofar yamma. Zan bi sawunka da tarakta in watsa ciyawa a kai. Curtis ya san sawun tayar kowa a garin nan."

A madubi Orval ya hango ta tana bin sawun a hankali, shanun na biye da ita saboda ciyawar.

Litinin ta wuce. Bayan wata biyu ya gamu da ita a shagon abincin dabbobi, hannunta rataye a wuya. Ta ce saniya ce ta harbe ta wajen haihuwa. Mai shago ya ce ai shanu ba su da tabbas. Orval ya ɗaukar mata buhunan zuwa mota, inda Curtis ke zaune a gaba ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

Wata mata daga arewacin jihar ta sami ɗakin, da 'ya'yanta biyu, ita ta ci riba. Curtis ma ya ci, bai ko san an yi ciniki ba. Orval ya rasa maraƙi, Verna ta rasa yini biyu a hanya. Lorna tana nan da shanunta goma sha ɗaya da maruƙa tara, kuma da bazara ta zo, ita ta riƙe musu kai Curtis ya ƙona musu tambarinsa.