Idan Aka Cire Rakiya

Ranar Asabar ɗin da aka yi gasar Turanci ta makarantun shiyyar tsakiya a Tsafe, Malam Sahabi Bungudu ne babban alƙali. Ba wanda ya yi mamaki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Turanci, daga Rawayya zuwa Magami zuwa Gusau, kafin ya yi ritaya. Ɗalibansa suna kiransa Malam Andai a bayan idonsa, saboda a ajinsa duk yaron da ya kuskura ya ce "me and Manu" sai ya miƙo hannu ya karɓi bulala biyu, sannan ya maimaita "Manu and I" sau goma. Malam ya san da sunan. A ransa ma yana jin daɗinsa.

Ɗalibi ɗaya tal zai wakilci shiyyar a zagayen ƙarshe a Gusau, inda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta shirya gasar za ta ɗauki nauyin karatun wanda ya zo na ɗaya. Zuwa azahar yara biyu suka rage, kowace da maki goma sha takwas: Wasila daga 'Yandoto da Husna daga Bungudu. Tambayar ƙarshe ta faɗa kan Wasila. Malam da kansa ya tsara tambayoyin, shi ya rubuta amsoshin da jan biro. Ya gyara gilashinsa ya karanta a lasifika.

"The teacher gave the books to Rakiya and dash. I ko me?"

Wasila ba ta yi jinkiri ba. "Me, sir."

Malam ya buga ƙararrawar kuskure. Da ya tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi, amma zauren ya cika, ga manyan baƙi a gaba, sai ya ƙara kusantar lasifikar ya ce, "Ɗiyata, wanga 'me' Turancin 'yan tasha ne."

Aka yi dariya. Tambayar ta koma kan Husna, ta ce "I", aka tafa mata. A layi na uku wata malama ta fara miƙewa, sai kuma ta koma ta zauna. Malam ya gan ta, ya kuma gane ta. Juwairiyya ce, ɗalibarsa a Rawayya shekarun baya, yanzu ita ke koyar da su Wasila.

Ranar Litinin da hantsi Juwairiyya ta yi sallama a gidansa na Bungudu. Ta fara gaida matarsa, Inna Asabe, wadda ke tsintar wake a tsakar gida, sannan ta durƙusa nesa da tabarmar Malam. Suka gaisa, ya tambayi maigidanta da yara da hanya.

"Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita, kamar yadda muke yi da."

"In a kan yarinyar nan ce, haƙuri za ki ba ta. Tana da ƙoƙari, amma an yi mata sakaci."

Juwairiyya ta ɗan matso kusa. Ta ciro takarda daga jakarta ta ajiye a gefen tabarma. Jimlar ranar Asabar ce, da amsar Malam a ƙarshenta.

"So nake Malam ya rufe sunan Rakiya da yatsa, ya karanta mini abin da ya rage."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. Ya ɗora yatsa a kan "Rakiya and", ya fara karantawa da muryar aji. "The teacher gave the books to..."

Ya tsaya. Kalma ɗaya ce ta rage a takardar, kuma bakinsa ya ƙi faɗarta. Ya ɗaga yatsan, ya sake mayarwa.

"Ai doka ce," ya ce. "Mutum yana sa kansa a ƙarshe, ya ce 'I'. Ladabi ne."

"Awo, Malam, in su ne suka yi aikin. Amma a nan ba su yi komi ba, ba su aka yi. Kamar a Hausa ne. Muna cewa 'na ba shi', amma 'ya ba ni'. Ba mu cewa ya ba Rakiya da na."

Inna Asabe, wadda ba ta jin Turanci, ta ɗago daga farantin wake tana dariya. "Ya ba na? Wa ke wagga magana? Ko ɗan yaye ba ya cewa haka."

Ba wanda ya taya ta dariyar. Ta dube su, ta koma kan wakenta.

Malam ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko tsohon littafin nahawunsa mai bangon da aka manne da salatif. Ya san shafin. A ƙasansa ga dokar da ya ja wa layi biyu da jan biro tun yana sabon malami. Ya juya shafin. A saman na gaba, a layi na biyu, ga ragowar bayanin, har da misalin "between you and me". Takardar fes take, ko ɗigon biro babu. Ya tuna malaminsa na firamare, ranar da shi Sahabi yana yaro ya ce "me and Manu went to the river", da yadda aka sa shi ya rubuta gyaran sau ɗari a allo yana kuka. Daga ranar ya ɗauka cewa "me" kusa da sunan wani abin kunya ne ko ina ya zo.

Da ya fito bai zauna ba. "Yaushe kika sani?"

"A kwaleji. Wani malami ya zagaye mini shi da ja. Na yi gardama, na ce malamina na Rawayya ba ya kuskure. Aji ya yi mini dariya."

"Shekara nawa ke nan?"

"Goma sha biyu."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ina zan fara, Malam?" Ta sunkuyar da kai. "Yanzun ma don yarinyar ce. Jibi za a kai sunaye wurin bugawa. In sunanta bai shiga ba, shi ke nan."

Washegari da safe ya shiga motar haya zuwa Gusau. Direba ya kunna rediyo, ana shirin Turanci. Malam ya gane muryar mai gabatarwar tun kafin ya faɗi suna: Bashar, ɗalibinsa na Magami, mai zama kusa da taga. Bashar ya rufe shirin da cewa tsaftar gari aiki ne "for you and I". Ya faɗi "I" ɗin da ƙarfi, a fili, kamar yadda aka koya masa. Malam ya juya ya kalli gonakin dawa har suka shiga gari.

Sakataren ƙungiyar, Alhaji Yari, shi ma ɗalibinsa ne. Yanzu babban ma'aikaci ne mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki, amma da ya ga Malam sai ya zagayo tebur ya rusuna, ya aika a kawo lemo. Malam ya yi bayani a taƙaice. Amsar Wasila ce daidai, ya ce, ita ta ci.

Alhaji Yari ya yi dariya. "Malam, gwada ni kake? 'Rakiya and I.' Wallahi ko cikin barci aka tashe ni. Ga shaida nan." Ya buɗe tafin hannunsa yana nunawa.

"Kuskure na koya maka."

"Haba, Malam. Wa ya ruɗe ka? Waɗanga sababbin malamai ne, Turancin waya suka iya."

Abin ya kai ga Malam ya ɗauki biro daga kan teburin, ya rubuta jimlar a bayan wani ambulan, ya kama yatsan Alhaji Yari ya ɗora a kan sunan Rakiya. Alhaji ya karanta, leɓunansa suna motsi. Sannan ya jawo wata takarda da ke jiran sa hannunsa, ya duba sakin layi na ƙarshe, ya kifa ta.

"Shi ya sa Malam Tambaya ya yi ta taɓa ni ranar," ya ce a hankali. Malam Tambaya shi ne alƙali na biyu. "Ya ce mini akwai magana. Na ce ya yi shiru, wa zai gyara wa Malam Sahabi Turanci a bainar jama'a?"

Malam ya ji wannan ya fi masa komai nauyi. Ashe a kan teburin alƙalai ma an sani, aka bar shi yana buga ƙararrawa.

Alhaji Yari ya tashi ya rufe ƙofa. "Ga abin da za a yi. Za mu ce mai lissafin maki ne ya yi kuskure wurin tarawa. A sa sunan 'yar 'Yandoto, magana ta mutu. Sunanka bai fito ba."

Malam ya auna maganar a ransa. Hanyar a buɗe take, kuma yarinyar za ta samu haƙƙinta. Zai koma Bungudu a ci gaba da tashi tsaye in ya shigo taro. Har ya fara gyaɗa kai.

"Wa ya tara makin?" ya tambaya.

"Wani malami ne daga Tsafe. Zan yi masa magana, ba zai ƙi ba."

"Ya tara daidai?"

"Daidai ya tara."

"To bar shi." Malam ya ture kwalbar lemon gefe. "Kuma yaran da ke zauren sun fi ɗari uku. Kowanensu ya tafi gida da abin da na faɗa. Ba ni takarda."

Ya rubuta wasiƙar a nan kan teburin, layi bakwai. Ya ce amsar da ya rubuta kuskure ce, Wasila ce ta yi nasara, kuma ya janye daga alƙalancin zagayen ƙarshe. Ya nemi a karanta wasiƙar a duk makarantun da suka halarta. Sau biyu ya tsaya yana rufe kalma da yatsa kafin ya ci gaba. Alhaji Yari ya kawar da kai kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

Da la'asar ya je gidan su Husna. Da mahaifinta suke sallah a masallaci ɗaya, kuma an riga an ɗinka mata sabon hijabi na zuwa Gusau. Mahaifin ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bai raka shi ƙofa ba. Husna tana tsaye a bakin zaure. Ta ce, "Malam, malaminmu ya ce kai ka koya masa." Malam ya ce haka ne.

Ranar Laraba ya isa 'Yandoto ana taron safe. Shugaban makarantar ya so ya gabatar da shi da kirari, Malam ya ɗaga hannu ya hana. Juwairiyya ta matso ta gaya masa a hankali cewa tun Litinin yara ke kiran Wasila 'yar tasha, jiya ma ba ta zo ba, yau sai da aka je gida aka taho da ita. Tana can a layin ƙarshe.

Babu lasifika a nan. Ya sa aka fito da allo aka jingina a jikin bishiya. Ya rubuta jimlar da alli, ya sa tafin hannunsa ya rufe sunan Rakiya, ya ce yara su karanta da amsarsa. Suka karanta, "to I", wasu suka fara dariya, suka ga fuskarsa suka daina.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Amsata ce. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da ita, ina kuma dukan yara a kanta. Wasila ta faɗi daidai ranar Asabar. Na ce mata Turancin 'yan tasha take yi. Nawa ne ba daidai ba, kuma ko da ta yi kuskure bai kamata in faɗi haka ba. Ita za ta wakilci shiyya a Gusau."

Malamai suka fara tafi, yara suka bi. Aka turo Wasila gaba. Doguwa ce siririya, da tabon tawada a gefen hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, amma ba ta yi murmushi ba. Malam ya ce ta yafe masa. Ta ce ba komi, da muryar da ake faɗar hakan ga babba.

Ya ɗauka an gama. Ya juya zai ajiye allin, sai ya ji ta ce, "Malam."

"Na'am."

"A Gusau kai ne alƙali?"

Juwairiyya ta buɗe baki za ta tsawata mata. Malam ya girgiza mata kai.

"A'a," ya ce. "Ba ni ba ne."

Wasila ta dubi allon, ta dubi malamarta.

"To, zan je," ta ce.