Faifan Kulocin da Aka Sa a Juye

Kunne ake ce masa a gareji, domin daga kukan inji yake gane ciwon mota. Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne idonsa ya yi rauni. Shekara biyu ke nan ƙananan rubutu sun koma masa jerin tururuwa. Amma ya sa tabarau a gaban masu motoci? Allah ya kiyaye!

Matar marigayi amininsa ce ta sa aka jawo tsohuwar motar mijinta, wadda ta girmi 'ya'yanta duka. Giyabos ya mutu, da ƙyar aka samo wani, haɗe da sabon kuloci.

A jikin faifan kulocin akwai ɗan rubutu mai nuna fuskar da za ta kalli inji. Ƙanensa, wanda suka yi shekara talatin suna aiki tare, ya miƙo hannu zai duba. Kunne ya fizge.

"Ni za ka koya wa? Tun kana zanen goyo nake kwance motar nan."

Ya ƙura wa faifan ido, bai ga komai ba. Ya shafa da yatsa, ya yi canke, ya ɗora. Wuni guda suka yi a cikin rami suna cicciɓar giyabos har ya zauna, suka ɗaure notuna.

Washegari matar ta zo ta zauna a kan benci, tana murmushi. Kunne ya tayar da mota, inji ya yi kuka mai daɗi. Ya taka kuloci, ya ja giya. Ƙarrr! Giya ta ƙi shiga. Nan take kunnensa ya gaya masa abin da idonsa ya kasa: faifan a juye yake. Gumi ya karyo masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ki yi haƙuri, uwargida," in ji ƙanen. "Ni na sa faifan a juye."

"Haba!" ta ce. "Ga yayanka a kusa, ka kasa tambaya? Girman kai rawanin tsiya!"

Ƙanen ya sunkuyar da kai yana shan faɗa. Wannan kunyar ta fi ta farko cin Kunne. Ya kashe mota ya fito.

"Asirina yake rufawa. Ni na sa da hannuna, bayan na hana shi dubawa. Ba na gani sosai."

Ƙanen ya goge hannu da tsumma, ya zaro wani ɗan tabarau daga aljihu.

"Shekara guda yana nan, Yaya. Bakinka nake tsoro."

Kunne ya karɓa, ya sa a idonsa a gaban matar. Abin da ya fara gani sarai shi ne furfurar da ta cika kan ƙanensa, wadda bai ma san ta fito ba.